Sinadarin sola da ke tsoron iska, ko zai iya zama hancinmu?

Usman:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya kwana biyu yana yi mini yawo a rai, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da masana a cikinmu.

Shekara ɗaya da rabi ke nan ina aiki a kan ferobsikait, sinadarin nan da ake sa ran zai yi gogayya da silikon a farantin sola. Duk wanda ya taɓa shi ya san halinsa. Ka shafa shi a kan gilashi, ka gasa, ya fito baƙi mai sheƙi, gwanin sha'awa. Ka bar shi a sarari inda akwai laima, bayan 'yan kwanaki ka dawo ka tarar ya fara komawa rawaya. Mu masu sola wannan ne babban ciwon kanmu, kullum tunaninmu yadda za mu rufe shi ruf kada iska ta shafe shi.

To ran nan wani abokin aiki ya buɗe kwalbar ammoniya kusa da inda na ajiye samfurina. Kafin in ankara baƙin nan ya washe, gilashin ya koma kamar ba a shafa masa komai ba. Na janye shi gefe, cikin daƙiƙu launin ya dawo. Tun daga ranar nake tambayar kaina: abin da ke jin iska haka, me ya sa muke ta faman ɓoye shi daga gare ta? Me zai hana mu sa shi ya riƙa gaya mana abin da ke cikin iskar, ta hanyar launi da haske kawai, ba waya ba batir a jikinsa? Na san akwai masu bincike a kai. Ra'ayinku nake nema, ko hanya ce mai ɓullewa.

Nura:
Wa alaikumus salam. Yaya Usman, don Allah kafin manya su shigo, a yi mana bayanin ferobsikait ɗin kansa. Ƙarfe ne ko dutse?

Malam Kabiru:
Nura, asalinsa dutse ne. A 1839 wani Bajamushe, Gustav Rose, ya gano shi a cikin samfurin duwatsun Ural na Rasha, ya raɗa masa sunan Lev Perovski, wani masanin ma'adinai na can. Wancan dutse haɗin kalsiyom da titaniyom da oksijin ne. Yanzu dai sunan ya zama na duk wani kiristal da ƙwayoyinsa suka zauna a irin wancan tsari.

Wanda Usman yake magana a kai haɗa shi ake yi a ɗakin gwaje-gwaje. Ka ɗauka kamar keji ne: dalma da aidin ko buromin su ne sandunan kejin, sai wata ƙwaya ta zauna a tsakiya, ko dai metilammoniyom, ko siziyom. Tsutomu Miyasaka da ɗalibansa a Japan ne suka fara sa shi a na'urar sola a 2009, suka samu kashi 3.8 cikin ɗari na ƙarfin hasken rana yana komawa lantarki. A 2012 aka kai wajen kashi 10, yau an haura 26. Silikon ya shafe shekaru da dama kafin ya kai nan.

Abin lura shi ne kejin nan ba shi da tauri kamar na silikon. Ƙwayoyinsa suna motsi, suna iya fita, baƙo yana iya shiga. Shi ya sa ake iya haɗa shi daga ruwan sinadari a gasa a zafin da bai wuce digiri 100 da ɗoriya ba, kuma shi ya sa yake saurin lalacewa.

Dakta Amina:
Malam Kabiru ya share fage. Usman, abin da ka gani da idonka an rubuta shi tun 2014. Yixin Zhao da Kai Zhu, a cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa ta Amurka da ke Kolorado, sun nuna ammoniya tana wanke launin wannan sinadari nan take, kuma launin yana dawowa in an janye ta. Bayan shekara guda wasu suka nuna cewa iskar metilamin ma narkar da shi take yi, ya zama ruwa garai-garai, in ta tafi ya sake daskarewa har ya fi da santsi.

Amma ina so mu raba abu biyu, domin mutane suna cakuɗa su. Akwai canjin launi, wanda ido yake gani a hasken rana. Akwai kuma ƙyalli: ka haska sinadarin da fitila mai shuɗin haske, shi kuma ya mayar maka da nasa hasken, kore ko ja, gwargwadon haɗinsa. Na biyun ne ya fi ji da gani. Idan haske ya bugi kiristal yakan zaburar da elektaron, 'yar mitsitsiyar ƙwayar da ke ɗauke da lantarki. In elektaron ɗin ya koma mazauninsa lafiya, sai ya saki haske. In kuwa ya faɗa wani giɓi a fatar kiristal ɗin, inda wata ƙwaya ta ɓace, sai ƙarfin ya salwanta ya zama zafi, ƙyallin ya dusashe. To wasu iskokin suna zuwa su toshe giɓin, haske ya ƙaru. Wasu kuma su ƙwace elektaron ɗin, haske ya ragu.

A 2016 ƙungiyar Maria Antonietta Loi a Jami'ar Groningen ta Holan ta gwada wannan da kiristal mai buromin. Da suka zuƙe iskar wurin sai ƙyallin ya faɗi ƙasa warwas, da suka mayar da ita ya dawo, kuma tazarar ta fi ninki ɗari. Ranar da na karanta wannan na daɗe ina juya shi a rai. Ninki ɗari daga iskar da muke shaƙa kawai.

Injiniya Bashir:
Dakta, ranki ya daɗe, na ji bayaninki kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma ki ba ni dama in yi magana a matsayin wanda yake rataya waɗannan na'urori a bangon masana'anta, kuma shi ake bugawa waya in ta yi kuka da tsakar dare.

Abin da kika kawo a matsayin abin yabo shi ne abin da ya firgita ni. Kin ce iskar da muke shaƙa tana canza ƙyallin ninki ɗari. To ni ina neman ammoniya ce kashi 25 cikin miliyan. Idan oksijin da tururin ruwa suna wasa da hasken haka, ta ina zan gane wace ce ta taɓa shi? Laimar safe daban, ta rana daban. Zafi ma yana rage ƙyalli. Hasken fitilar da kake haska shi da ita ma yana canza shi a hankali. Sai na'ura ta yi kuka, a fitar da ma'aikata, a duba a ga ba komai. A yi haka sau uku, na huɗu ba wanda zai tashi daga kujerarsa. Na taɓa aiki a wani wuri da aka kai ga manna wa ƙararrawa salatif saboda yawan ƙaryar da take yi, kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, don rayukan mutane ne a ƙarƙashinta.

A wurina na'urar da take jin komai ba ta gaya mini komai ba.

Usman:
Injiniya, gaskiya ka faɗa, a nan gizo yake saƙa. Amma na'urorin da kuke amfani da su yanzu ai su ma ba su tsira daga wannan ba. Irin ta Taguchi, mai sinadarin kuza da oksijin, wadda aka fara sayarwa a Japan tun ƙarshen shekarun 1960, ita ma tana amsa wa barasa da hayaƙi da gas iri-iri ba tare da ta bambance ba. Ga shi sai an ɗumama ta zuwa digiri 200 har 400 kafin ta yi aiki, wutar da take ci ke nan dare da rana. Ferobsikait a zafin ɗaki yake amsawa.

Injiniya Bashir:
Haka ne, amma ita mun san ƙaryarta. Shekara sama da hamsin ana zaune da ita, an san abin da ke ruɗa ta, an san tana yin shekaru a bango. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Kabon monoksayid muna auna shi da ƙwayar sinadari mai ba da lantarki. Kabon dayoksayid da hasken infrared wanda ido ba ya gani, domin yana shanye haske mai tsawon zango daidai maikuromita 4.26 (maikuromita kashi ɗaya cikin miliyan na mita ne), wannan kamar zanen yatsarsa ne, ba mai kwaikwayonsa cikin sauƙi. Naka wata nawa zai yi a buɗe? Kai da bakinka ka ce kwana kaɗan ya fara rawaya.

Zainab:
Bari in shigo nan, don wannan ne aikin digirina kuma na sha wuyarsa.

Yaya Usman, mai metilammoniyom da aidin da kake amfani da shi, a ganina a cire shi daga lissafin na'urar da za ta daɗe. Ruwa yana shiga cikinsa, da farko ya zauna kawai ana iya korarsa, in ya yi yawa sai kejin ya rushe, ya bar dalma da aidin, rawayar nan da kake gani. Daga nan ba dawowa. Ƙungiyar Saif Haque a Kwalejin Imperial ta Landan kuma ta nuna cewa in oksijin da haske suka haɗu a kansa, wani nau'in oksijin mai cin rai yake samuwa ya cinye shi daga ciki. Ka ga na'urar da aikinta shi ne ta zauna cikin iska ana haska ta, an haɗa mata maƙiyanta biyu ke nan. Ammoniyar ma da ta burge ka, in ta daɗe a kansa launin ba ya dawowa yadda yake.

Ni da mai siziyom da buromin nake aiki, ƙananan ƙwayoyin nan masu koren haske da ƙungiyar Maksym Kovalenko ta fitar a Zurich a 2015. Ba su da ɓangaren da ke tashi ya bi iska, sun fi juriya nesa ba kusa ba. Kuma ba tsirara muke barinsu ba. Cusa su ake yi cikin wani abu mai ƙananan ƙofofi, ko roba mai korar ruwa, ko silika, ko irin kejin nan na ƙarfe da sinadarai masu kabon da ya sa aka ba Kitagawa da Robson da Yaghi kyautar Nobel a 2025. Rigar ita ce mai gadi: ta tare ruwa, ta bar iskar da ake nema ta wuce. Kusan duk dabarar bambance iska a rigar take.

Sai dai akwai ciniki a ciki. Ka kaurara rigar, ya daɗe amma ya yi nauyin ji. Ka sirantar da ita, ya yi saurin amsawa amma ya mutu da wuri. Wata shida na yi ina neman tsakiyar nan.

Nura:
Anti Zainab, to in laima tana canza ƙarfin hasken, ba wani abin da za a auna ban da ƙarfin?

Dakta Amina:
Madalla da wannan tambaya, Nura, ita ce amsar rabin damuwar Injiniya. Akwai.

Na ɗaya, launin hasken. Wannan iyali na kiristal yana da wata baiwa da ban san wani mai irinta ba: yana musanya ƙwayoyinsa cikin sauƙi. Mai buromin kore ne. In kulorin ya shiga ya maye gurbin wani ɓangare na buromin, hasken ya karkata zuwa shuɗi. In aidin ne ya shiga, ya karkata zuwa rawaya, ruwan goro, har ja. A ma'aunin tsawon zangon haske, tsakanin nanomita 410 da 700 duk ana iya samu, kusan iyakar abin da ido yake gani. Laima tana iya dusashe haske, amma ba ta da kulorin ɗin da za ta mayar da kore shuɗi. Saboda haka tururin asid mai kulorin, in ya zo, sa hannunsa daban ne. Masu bincike a Ostareliya sun bi wannan hanya a 2021 wajen gano metil ayodayid, gubar da aka riƙa turara ƙasar noma da ita, wadda kuma nau'inta mai tururin nukiliya abin tsoro ne a tashoshin nukiliya.

Na biyu, tsawon lokacin da ƙyallin yake ɗauka kafin ya mutu bayan an kashe fitila. Wannan bai damu da ko fitilarka ta tsufa ko gilashi ya yi ƙura ba. Na'urorin auna oksijin a cikin ruwa na zamani da wannan dabarar suke aiki, da wasu rinai masu ƙyalli, kuma lissafin da ake bi tun 1919 Stern da Volmer suka shimfiɗa shi. Wato gano gas da haske ba sabon abu ba ne, yana kasuwa, sinadarin ne sabo.

Na uku, a ajiye ɗigo biyu, ɗaya a buɗe ɗaya a rufe, a riƙa kwatanta su. Abin da zafi ya yi wa wannan ya yi wa wancan, sai a cire.

Injiniya Bashir:
Maganar launi ta shige ni, Dakta. Amma ina da tambaya: in kulorin ya shiga ya zauna, koren yana dawowa da kansa?

Zainab:
Ba ya dawowa, Injiniya, sai an kawo masa buromin daga waje.

Injiniya Bashir:
To kun gani. Ashe inda ya fi iya bambancewa, nan ne ba ya komawa yadda yake. Inda yake komawa kuma, nan ne kowa yake ruɗa shi. Ku gyara mini in na yi kuskure.

Usman:
Ba ka yi kuskure ba. Na karanta saƙon nan naka sau uku. Sai dai ya sa na ga kamar tun farko tambayar ce na yi ba daidai ba. Ina ta hango na'urar bango mai ƙararrawa, irin taku, alhali wataƙila ba nan ne gidansa ba.

Ku tuna takardar nan ta gano iskar haidurojin salfayid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Takarda ce aka jiƙa da sinadarin dalma, iskar ta taɓa ta, ta yi baƙi. Sau ɗaya ake amfani da ita a yar, kuma fiye da ƙarni guda ana dogaro da ita. Ba wanda ya ce mata me ya sa ba ki koma fara ba. Iskar nan kuwa muguwa ce, in ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan hanci yakan daina jin warinta, mutum ya ɗauka ta wuce alhali lokacin ne ta fi haɗari. Ferobsikait ma dalma gare shi, salfa tana kama shi ta kashe ƙyallin. Kuma ƙyalli a cikin duhu ya fi baƙi a kan fara saurin ganuwa.

Abin da nake hangowa yanzu ɗan lika ne da ma'aikaci zai manna a ƙirji da safe, a ɓare shi daga leda a rufe, da yamma a haska shi a ga jimillar abin da mutumin ya shaƙa a yinin. Rashin komawarsa ya zama shi ne amfaninsa, domin ya riƙe shaida. Rayuwar awa takwas ake nema daga gare shi, ba shekara biyar ba.

Malam Kabiru:
Wannan ya tuna mini da tsuntsun kanari da masu haƙar kwal suke shiga da shi rami. John Scott Haldane ne ya ba da shawarar a shekarun 1890, Ingila ba ta daina ba sai 1986. Rauninsa ne aikinsa, yana jigata kafin mutum ya ji komai.

Ina kuma ƙara wani abu da ba a taɓo sosai ba. Tunda haske ne yake kai saƙo ya dawo da amsa, ana iya ɗora ɗigon a bakin zaren gilashi, a zura shi cikin tanki ko bututu, fitila da duk kayan lantarki suna can nesa. Ba tartsatsi, ba abin da ke zafi. A wurin da iska mai kamawa da wuta ta taru, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya Bashir:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Malam, rabin kuɗin na'urorinmu a irin waɗannan wurare a kwanson hana tartsatsi yake tafiya. Sai dai kada wani ya karanta ya ɗauka zai gano gas ɗin girki ko iskar mitan (methane) da shi. Mitan ba ya kula kowa, ba ya ba da elektaron ba ya karɓa cikin sauƙi, zai wuce ta kan kiristal ɗin nan kamar bai gan shi ba. Masu kaifi ne abokan harkarsa: ammoniya, asid, salfa, da danginsu.

Lika kuwa, Usman, zan karɓa in gwada. Sharaɗina ɗaya: a nuna mini sakamakonsa a iska mai laima kashi 80, da gumin mutum a kusa, ba a cikin busasshen naitirojin na kwalba ba. Yawancin takardun binciken da nake gani a busasshiyar iska suke gwaji, su sa hoto mai kyau.

Hauwa:
Ina ta bin ku shiru, ni ɓangaren lafiyar ma'aikata nake. Ba wanda zai yi maganar dalmar? Kuna cewa a manna wa mutum a ƙirji, a yar da yamma. Ma'aikata dubu, kowace rana. Dalmar da ke cikin wannan sinadari mai narkewa ce a ruwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizanin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, musamman ga yara. Dokar Tarayyar Turai ta kayan lantarki ta kayyade dalma a kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin kowane ɓangare. An ɗauke wa farantin sola da ake kafawa dindindin wannan doka, amma ƙaramar na'urar hannu ba ta cikin wannan rangwame.

Zainab:
Hajiya Hauwa, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Za a ce miki shafin siriri ne, bai kai kaurin maikuromita ɗaya ba, dalmar ba ta taka kara ta karya ba. Gaskiya ne kaɗan ce, amma abin da aka yi don a yar, ƙarshensa juji. Dole a tsara yadda za a tattara su a mayar, tun kafin a buga na farko.

An gwada maye dalma da kuza, sai dai ita oksijin yana cinye ta cikin sauri fiye da kima. Akwai mai azurfa da bismut da aka fitar a 2016, yana da juriya amma ƙyallinsa ba ƙarfi. Wanda nake sa wa ido shi ne dangin mai tagulla da siziyom da aidin, haskensa shuɗi ne mai ƙarfi kuma yana jure iska. A sola ba a waiwaye shi ba don ba ya shan hasken rana yadda ake so, amma mu ai ba wuta muke nema ya ba mu ba.

Usman:
Wannan batu na ƙarshe ban taɓa kallonsa haka ba, Zainab. Ke nan duk sinadaran da masu sola suka gwada suka ajiye gefe sun cancanci a sake duba su da wannan ido.

Ga abin da zan yi mako mai zuwa in Allah ya yarda. Ina da gilasai goma sha biyu masu buromin. Zan raba su uku, laima kashi 20, 50 da 80, in ba kowane rukuni ammoniya daidai wa daida, in auna ƙarfin ƙyallin da launinsa da tsawon ransa. Zainab, wace roba kike shafawa a sama, kuma kaurin nawa? Injiniya, in ka turo mini jerin iskokin da suka fi ruɗa na'urorinku a wurin aiki, zan sa su cikin gwajin.

Injiniya Bashir:
Fara da tururin barasar goge hannu da na sabulun wanke ƙasa. Sauran zan turo maka da daddare in na duba littafin aikina.